Shamuwa Ba Ta Sauka Gidanmu Ba

Madarunfa, ƙarshen bazara, 1996

Zuwa ga Yaya Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a can Ikko, ya kare ka daga sharrin birni. Mu nan alhamdu lillahi. Inna lafiya lau, sai dai gwiwar Baba ta ƙi, ko masallaci da sanda yake zuwa. Matarka Mardiyya ta warke, ɗanka Hassan kuma har ya fara tatata.

Yaya, ka tuna da za ka tafi cin rani ka ce in rubuto ranar da shamuwa ta sauka a tsamiyar gidanmu, ka kamo hanya mu yi shuka tare. To, hadari ya fara haɗowa gabas, maƙwabta sun gama sharar gona, wasu har sun yi binne, amma tsamiya shiru. Kullum da safe Baba sai ya ɗaga kai ya duba, ya tambaye ni ko na ji kaf-kaf ɗin bakinta. Ni kuwa zama ya gagare ni, gonakin nan sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Da abin ya dame ni, na bi Illo mai motar kaya, zai ɗauko itace bayan garin Gabi, ko zan ga shamuwa a hanya. Ya yi mini dariya, wai bai taɓa ɗaukar fasinjan da ke neman tsuntsu ba, in mun gan ta ko gaba za ta zauna. Muka bar babbar hanya muka bi ta cikin rairayi, ina tsaye a baya, ƙarfe na ƙona mini hannu. Na ga zabin daji sun tsallake hanya a jere, na ga kurege, na ga burtu biyu suna taku kamar masu zuwa ɗaurin aure. Wajen dajin Baban Rafi har busasshen kashin giwa Illo ya nuna mini. Duk ban kula ba, idona na kan itatuwa.

Sai da muka tsaya zuba wa mota ruwa a wani ɗan ƙauye na ga shamuwoyin, sun cika wata kuka, kowace da tsinke a baki. Wata tsohuwa ta ce sun daɗe da zuwa. Da na ba ta labarin gidanmu, ta tambaye ni ko an taɓa wurin sheƙar bara. Nan na tuna reshen da ka sare kafin ka tafi, ka yi wa Inna rumfa. A kansa sheƙar take.

Da na dawo na hau tsamiya na ɗaure tsohon kwandon Inna don ya zama gurbin sheƙa, kamar yadda tsohuwar ta ce. Ban gaya wa Baba zancen reshen ba. Ko shamuwar za ta karɓi kwandon, Allah kaɗai ya sani. Amma ta iso ƙasar, na gani da idona. Don Allah kada ka jira ta sauka, ka taho, ruwa ba zai jira mu ba.

Inna da Baba suna sa maka albarka. Ƙannenmu Delu da Fati suna gaishe ka. Ka gai da Kawu Nasiru.

Ƙanenka mai duban hanya,
Ɗan Azumi