Idanun Wilber

Buenos Aires

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ciwon ƙafarki? Yaya Kawu Severo da gonar dankali? Ni lafiyata ƙalau, ɗinki yana tafiya, barci ne kawai ya ƙaurace mini.

Mama, a waya ban gaya miki duka ba. Da autanki Wilber ya faɗo daga benen da suke ginawa, aka tabbatar ya cika, likita ta zaunar da ni ta ce, "Baiwar Allah, a dokar ƙasar nan, duk baligin da bai rubuta ya ƙi ba, ya yarda a ba marasa lafiya sassan jikinsa."

Na ce, "Wa ya taɓa tambayarsa?"

Ta sunkuyar da kai. Suka ɗauki zuciyarsa da ƙodarsa, har da tantanin idanunsa.

Ba kyautar ce ta dame ni ba. Kin san Wilber, ko rigar jikinsa aka roƙa zai tuɓe. Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne, shekara da shekaru wasu suna toshe hanci in mun shiga mota, suna cewa, "Ku koma Bolibiyarku!" Yau ban ji wanda ya ce zuciyarsa ta koma ƙasarta ba. Tir!

Bikin matattu ya kusa, ranar da ruhinsu ke dawowa gida ziyara. In kin zo gasa masa burodin nan mai siffar mutum, ki sa masa idanu manya, Mama. Hanyar gida da nisa, kada ya ɓata.

'Yarki,
Fidelia