Bututun Kicin da Hannun Dada

Sabangali, N'Djamena

Zuwa ga Yaya Balkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Alhamdulillahi. Matata Khairiyya ta samu sauƙin laulayin, kasuwar nama kuma tana tafiya daidai gwargwado.

Yaya, na san Dada ta faɗa miki ta waya cewa jiri ne ya ɗebe ta makon jiya, ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Haka ta gaya wa likita, haka take gaya wa duk mai zuwa dubiya. Ba jiri ba ne, ɗanta take rufa wa asiri, ni kuwa na kasa haɗa ido da mutane in suna yi mata sannu. Tun bayan Babbar Sallah kwamin wanke-wanke na kicin ya daina zuƙe ruwa, saboda kitsen da ya daskare a cikin bututu. Khairiyya ta yi ta roƙona in kira mai gyaran famfo, ni kuma na ce abin bai kai nan ba. Na samo waya na yi ta zungura har na huda gwiwar bututun da ke ƙarƙashi. Maimakon in kira mai aikin, sai na ɗaure wurin da roba, na tara roba babba a ƙasa, na ce gobe. Kullum in na dawo daga kasuwa a gajiye, sai in sake cewa gobe.

Ranar Talata da hantsi ɗaurin ya kwance, ruwan maiƙo ya malale a kan siminti. Khairiyya tana shanya a tsakar gida, Dada ta shiga ɗauko ludayinta, santsi ya kwashe ta. Ina rumfa aka kira ni. Da na iso na tarar da ita zaune cikin ruwan, ta riƙe hannun dama, zaninta ya jiƙe sharkaf, tana ce wa Khairiyya ta daina kuka don cikin da ke jikinta.

Washegari Audu mai gyaran famfo ya zo daga unguwar Klémat. Ya sauya gwiwar, ya zaro curin kitse kamar dunƙulen hannu, ya wanke bututun har bakin ramin waje. Kafin azahar ya gama. Aikin ke nan da na yi wata da watanni ina ɗagawa.

An sa wa Dada filasta a hannun, likita ya ce ƙashin tsoho ba ya saurin haɗewa. Ba ta iya dama furarta, ba ta iya ɗaura zani. Yanzu ni nake yi mata alwala kafin in fita. Jiya ina wanke mata ƙafa na ce ta yafe mini, sai ta ce, "Harun, zuba ruwa, lokacin salla na wucewa." Har yanzu ban san ko ta yafe ba ne, ko ba ta so a yi zancen.

Ranar da za ki koma Maraɗi kin ce in kula da ita, na ce ki kwantar da hankalinki. Ban cika ba, Yaya. Idan maigida zai bar ki, ki zo. Tana jin nauyin surukarta wajen wanka, kuma sunanki take kira in ta manta.

Ki gaida Malam Hamisu, da Ni'imatu, da Goggo Maiturare. Dada ba ta san na rubuto ba.

Ƙaninki mai neman gafararki,
Harun Bakari