Sani Ya Bar Inuwa

Yaya Hamidu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya jikin Hajara da yara, ya zaman Agadas? Mu nan Dakoro lafiya lau.

Gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta bana ta ƙare. Ƙanenmu Sani a bencin 'yan canji ya share shekarar, Baba kuwa in ya hango shi a tele sai ya ce, "Ɗana ya zama babba, shi a inuwa, yara a rana!" Wasan ƙarshe aka saka shi, ya ci ƙwallon da ta hana ƙungiyarsu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni. Unguwa ta kaure da guɗa, Baba ya ɓata rai: "Laifin mi ya yi suka tashe shi?"

Ka gaida Kawu, ka sa mu a addu'a. Don Allah kira Baba ka yi mashi bayani, ni na gaji.

Ƙanwarka,
Zulai