Tayil Sha Uku a Kwali Ɗaya

Talata da dare, unguwar Xiaobei

Allah ya yi wa mutanen Foshan baiwa, wallahi sun iya aiki. Iyawar ce ta kashe ni yau.

Yaya Balaraba ta ba ni amanar tayil ɗinta tilo, tsohon aikin Holan mai hoton jirgin ruwa shuɗi, wanda surukarta Baturiya ta bar mata, a yi mata irinsa sha biyu na kicin. Ni sarkin wayo, da bakina na koya wa laoban, wato mai masana'antar tayil ɗin, yadda ake gane tsoho: kaurinsa, 'yan ramukan ƙusa a kusurwa, tsattsagewar farar fuskar. Na ce ya kwaikwaye su duka, kar ya bar ko ɗaya.

Bai bari ba. Ya aiko da sha uku a kwali ɗaya, sababbin haɗe da na asalin.

Na kira shi, na ce wanne ne nawa? Ya yi dariya: "Alhaji, duka naka ne."

Tun magariba nake jera su a gado, na ƙwanƙwasa, na sansana, ɗaya har lasa na yi. Ga saƙon Yaya kuma: "Ƙanina, nawa dai ka naɗe shi daban."

Zan naɗe ɗaya daban. In ta rungume shi ta yi kukan surukarta, cikinmu wa aka cuta?