Tagwaye Sun Iso, An Hana Ni Goyo

Anti mai shawara, ki taimake ni, murna na neman jefa ni cikin rigima. 'Yata ta fari, wadda ta daɗe tana jiran haihuwa har mutane suka gaji da tambaya, ta sauka lafiya. Tagwaye, duka maza! Tun da na ji bakina bai rufu ba. Ni tela ce, sai na ture ɗinkin mutane gefe na ɗinka zannuwan goyo biyu, kowane ango da nasa.

Matsalar bayana ne. Da safe yakan sandare, sai na dafa bango nake miƙewa. Likita ya ɗauki hoto, ya ce gaɓoɓin ƙashin bayana sun fara cinyewa. Ya ɗora laifin a kan shekaru, da ƙiba (wai ni!), da zaman keken ɗinki a sunkuye tun ina budurwa, da wata faɗuwa da na taɓa yi a matakala. Mahaifiyata ma a duƙe ta ƙare. Surukina da ya raka ni ya kwashe komai ya kai wa matarsa, yanzu sun hana ni goyo. Na goyi 'ya'yan maƙwabta, na goyi na dangi, sai nawa jikokin ne za a hana ni? Ko in faki idonsu?

Kakar Tagwaye

Barka da arziki, Kaka! Na taya ki murna, kuma na fahimci ƙaiƙayin da bayanki yake yi. Amma surukinki ba tsegumi ya yi ba, tausayinki ya ji.

Shekaru da gado da tsohuwar faɗuwa sun fi ƙarfinki. Nauyin jiki da doguwar sunkuya kuwa suna hannunki. Ki rage loma, ki riƙa taka ƙasa kullum, ki sami kujera mai jingina, kada ki kai ƙarshen riga ba ki tashi kin miƙe ba. Ki koma wurin likitan tare da 'yarki, ki tambaye shi nauyin da bayanki zai iya ɗauka. Abin da ya ce, shi ke nan, ban da fakon ido, domin jariri kullum ƙara nauyi yake.

Kafin nan ki zauna a ɗora miki su a cinya, ki sha ƙamshinsu son ranki. Yaran nan za su fi buƙatarki ranar da suka fara gudu, kuma mai miƙaƙƙen baya ce kawai za ta iya kamo su. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar binsu.