Tururuwar Zungur da Sunan Malam Garba

Zuwa ga ƙanena Malam Isa, a Kumasi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka, da ta Hajara, da ta yara. Mu nan Bauchi lafiya, sai godiya.

Ka tuna jar tururuwar nan mai ƙaya biyu a baya, wadda nake bi a gonakin Zungur tun da na bar koyarwa? Baturen gona ya aika da ita Ingila, aka ce ba a taɓa rubuta irinta ba. An raɗa mata suna, amma na maƙwabcina Malam Garba, wanda bai san bambancin cinnaka da kiyashi ba.

Laifina ne. A jikin kwalbar da na sa ta ciki na rubuta rana, da wuri, da bishiyar da na same ta a kai, amma na ji kunyar sa sunana, don kada a ce ina yabon kaina. Garba ne ya kai ta wurin Baturen, da yake yana da keke. Baturen ya tambayi sunansa, ya faɗa. Yanzu a bakin masallaci ana taya shi murna, yana ce mini, "Ai baiwa ce, Malam Sule." Nakan ce madalla, raina yana ƙuna.

Ka maido mini da wasiƙar da na zana maka hoton tururuwar a ciki bara, kafin Baturen ya koma gida, domin ita kaɗai ce shaidata. Ka roƙa mini Allah ya cire mini hassada, amma ka fara aiko da takardar.

Ka gaida Hajara da kowa.

Yayanka,
Sule