Ruwan Wankan Azara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a Salaga. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana sauka a kabarinki.

Da kina raye, Inna, da bakina bai iya ɗaukar wannan magana ba. Yanzu kuwa ba za ki rufe fuska ba, ni ma ba zan kalli ƙasa ba.

Bara fitsari ya tsaya mini muna kora shanu daga Bawku. A mota aka kai ni asibitin Turawa. Likita ya tsaga marata, ya cire wani nama kamar goro a ƙarƙashin mafitsara. Ciwon tsofaffi ne, in ji shi. Fitsari ya dawo, har ya yi yawa, wata uku ina ɗaura tsumma kamar jinjiri. Amma ƙarfina na namiji bai biyo ni gida ba. Likita ya ce jijiyoyi ne, a hankali suke farkawa, shekara ko biyu, wani kuma shi ke nan.

Ta bakin tafinta ya faɗa. Tafintan kuwa mutumin Yendi ne, garin su Azara matata. Labari ya riga ni isa gun danginta. Kawunta ya kai magana gun liman, aka yanka mini shekara guda, in ban warke ba a raba mu.

Na sha saiwar Mosawa har harshena ya yi baƙi. Na sha rubutu. Na ci yaji da zuma. Sai kwanan nan nake ganin ɗan motsi in na farka, kamar majinyacin da ya buɗe ido ya sake lumshewa.

Kin san gidan zango, Inna, ba a ɓoye guga. Azara ta shiga ɗora ruwa da asuba, sau biyu a mako, ta yi wanka har da jiƙa kitso, ta ajiye mini nawa a bakin ɗaki inda kowa zai gani. Mata suka fara yi mata tsiya. Ni kuwa in shiga in zuba ruwan da ban ci bashinsa ba.

Jiya shekara ta cika. Kawu ya zo. Matan gida sun riga sun shaida masa an warke. Liman ya ce rantsuwa ɗaya ta rage, in dafa Alƙur'ani a tashi.

Na miƙa hannu, sai na tuna yadda kike cewa, "Salifu, ka yi mini ƙarya in dake ka, amma kar ka sa Allah a ciki." Na janye. Na ce ƙarfin ya fara motsi, bai kai ba. A gaban kawu na faɗa, da maƙwabta.

Aka tambayi Azara ta bayan zana. Ta ce ita ba ta kawo ƙara ba, a ƙara mana damina ɗaya.

Ban yi murna yadda ya kamata ba. Na gaji, Inna. Yau na fita kasuwar shanu, kowa ya gaishe ni da tausayin da ya fi zagi ciwo, na kuma amsa wa kowa.

Allah Ya haskaka makwancinki. Ya ba ni lafiya kafin gero ya nuna. In kuma bai ƙaddara ba, Ya ba ni ƙarfin sallamarta da hannuna, kafin ta roƙa.

Ɗanki,
Salifu